Tutar Meksiko a hannun yariman Turai

A watan Fabrairun 2014, lokacin da aka gudanar da gasar Olamfik ta hunturu a birnin Sochi na ƙasar Rasha, ƙasar Meksiko mai mutum fiye da miliyan 100 ta tura ɗan wasa ɗaya tak. Wannan ɗan wasa kuwa dattijo ne mai shekara 55 a duniya, sunansa Hubertus von Hohenlohe, wanda a Turai ake kiransa yarima saboda gidan da ya fito. Shi ya riƙe tutar ƙasar a ranar buɗe gasa, shi kuma ya shiga tseren zamiya a gangaren dutse sanye da rigar da aka zana mata kamannin kayan makaɗan gargajiyar Meksiko da ake kira mariyaci, amma bai kai ƙarshen tseren ba domin ya faɗi a hanya. Wannan ne karo na shida da ya halarci gasar, bayan 1984 da 1988 da 1992 da 1994 da 2010, kuma a duk waɗannan shekaru bai taɓa kusantar lambar yabo ba.

Tun daga wancan lokaci mutane suka kasu gida biyu a kansa. Wasu na ganinsa a matsayin gwarzon da ya ƙi yarda tsufa ya zaunar da shi, wanda ya sa aka riƙa jin sunan Meksiko a filin da a da ba a jin ɗuriyarta. Wasu kuma na ganinsa ɗan gata ne kawai, mai kuɗi da lokaci, wanda ya ari tutar ƙasar da bai zauna a cikinta ba domin ya samu shiga inda ƙwarewarsa ba za ta kai shi ba. Ni ra'ayina shi ne yana da cikakken haƙƙin ɗaukar wannan tuta, kuma masu kiransa ɗan yawon buɗe ido sun zalunce shi. Amma kuma ban yarda a riƙa nuna shi a matsayin shaidar cewa ƙofar wannan wasa a buɗe take ga kowa ba, domin rayuwarsa da tarihin gidansu suna nuna akasin haka ne ƙarara.

Ba za a fahimci mutumin ba sai an san gidan. Hohenlohe tsohon gidan sarauta ne na Jamus, wanda ya yi mulkin yankinsa na kansa a kudancin ƙasar na tsawon ɗaruruwan shekaru, har zuwa 1806 lokacin da sauye-sauyen zamanin Napoleon suka haɗiye ƙananan masarautu irin tasu, aka shigar da mafi yawan ƙasarsu cikin daular Württemberg. Daga nan suka zama sarakai masu suna da gidaje da gonaki amma ba su da ƙasar da suke yi wa hukunci. A 1919 kuma, bayan yaƙin duniya na ɗaya, tsarin mulkin Jamus ya soke duk wani fifiko da doka ta ba masu sarauta, laƙabin ya koma wani ɓangare na sunan iyali kawai. Reshen gidan da Hubertus ya fito ya zauna ne a Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yanzu, inda suke da fada da filaye masu yawa, kuma duk wannan dukiya ta salwanta bayan 1945 da aka ƙwace kadarorin Jamusawan yankin. Wanda ya san halin da zuriyar sarkin da aka tuɓe ke shiga zai gane abin da nake nufi: mutane na ci gaba da rusuna musu, suna kiransu da sunan sarauta, alhali ba su da garin da za su nuna su ce nan ne namu.

Mahaifinsa, Yarima Alfonso, an haife shi a Madrid a 1924, kuma Sarkin Sifaniya na lokacin, Alfonso na 13, shi ne ubangidansa a wurin baftisma. Mahaifiyar Alfonso, wato kakar Hubertus, 'yar gidan Yturbe ce, mahaifinta ɗan Meksiko ne, kuma ta nan ne jinin Meksiko ya shiga gidan. Alfonso mutum ne mai idon kasuwa. A 1954 ya mayar da gidan iyalinsa da ke bakin teku a Marbella, wanda a lokacin ƙaramin gari ne na masunta a kudancin Sifaniya, ya zama otal mai suna Marbella Club, ya riƙa gayyato 'yan uwansa masu sarauta da attajirai da taurarin fina-finai, har garin ya zama matattarar masu hannu da shuni na duniya. Shi ne kuma ya yi ruwa ya yi tsaki wajen shigar da motocin Volkswagen kasuwar Meksiko, kuma wannan harka ce ta zaunar da shi a can a ƙarshen shekarun 1950.

Mahaifiyarsa kuwa, Gimbiya Ira von Fürstenberg, an haife ta a Roma a 1940. Ta wajen uba 'yar wani tsohon gidan sarauta ce, ta wajen uwa kuma jikar gidan Agnelli ce, masu kamfanin motoci na Fiat, domin mahaifiyarta Clara 'yar uwar Gianni Agnelli ce uwa ɗaya uba ɗaya. An ɗaura mata aure da Alfonso a birnin Venice a 1955 tana da shekara 15, shi kuma yana da 31, sai da aka nemi izini na musamman daga fadar Fafaroma saboda ƙarancin shekarunta, aka yi biki da jerin gwanon kwale-kwale wanda jaridun Turai suka daɗe suna labarinsa. Auren bai wuce shekara biyar ba. Sun haifi 'ya'ya maza biyu, Christoph a 1956 da Hubertus a 1959, suka rabu a 1960, aka shiga jayayya mai zafi a kan wanda zai riƙe yaran, ita kuma ta auri wani attajiri ɗan Brazil, daga baya ta shiga harkar fim a Italiya. Alfonso ya rasu a Marbella a 2003, Ira ta rasu a Roma a 2024. Babban ɗan nasu, Christoph, ya mutu a 2006 yana tsare a gidan yari a Bangkok, bayan an kama shi bisa zargin sauya kwanan watan bizarsa, kuma duk sunan gidansu da dukiyarsu ba su fitar da shi a kan lokaci ba. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya san cewa gidan da ake hange daga nesa ana cewa ya gama morewa yana da nasa makokin, kuma yaron da iyayensa suka rabu yana ɗan shekara ɗaya, ya tashi tsakanin ƙasashe da harsuna, ba abin mamaki ba ne idan ya girma yana neman wurin da zai kira nasa.

An haifi Hubertus a birnin Meksiko ranar 2 ga Fabrairun 1959. Tsarin mulkin ƙasar ya ce duk wanda aka haifa a cikinta ɗan ƙasa ne, ko daga ina iyayensa suka zo, dokar Olamfik kuma ta ce ɗan wasa ya kasance ɗan ƙasar da yake wakilta. A nan babu wata kwana-kwana, bai sayi fasfo ba, ba a yi masa alfarma ba. Gaskiya ne cewa 'yan shekarun farko kawai ya yi a can kafin a koma da shi Turai, inda ya tashi a Sifaniya ya yi karatu a Ostiriya, kuma a tsaunukan Ostiriya ya koyi zamiya. Wasan ma ba baƙo ba ne a gidansu, domin ƙanin mahaifinsa, Yarima Max, ya wakilci ƙasar Liechtenstein a tseren gangara a gasar Olamfik ta 1956 a Cortina ta Italiya. A 1981, yana ɗan shekara 22, Hubertus ya kafa hukumar wasan zamiya ta Meksiko, kuma a 1984 ya je Sarajevo da tutar ƙasar. Kafin wannan zuwa nasa, sau ɗaya tak Meksiko ta taɓa halartar gasar hunturu, a 1928 a St. Moritz, wato shekara 56 ke nan babu ita a filin.

Hujjar masu sukarsa tana da ƙarfi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Ostiriya, inda ya koyi wasan, ƙasa ce da zamiya ta zame mata abin da ƙwallon ƙafa ya zame wa Brazil, kuma dokar gasar ba ta bari ƙasa ɗaya ta saka fiye da mutum huɗu a kowane tsere. Ma'anar wannan ita ce a kowace gasa akwai matasa 'yan Ostiriya da Suwizalan da Italiya waɗanda suka sadaukar da ƙuruciyarsu gaba ɗaya, waɗanda za su tsere wa Hubertus da tazara mai nisa, amma suna zaune a gida suna kallonsa a talabijin saboda sun zo na biyar ko na shida a ƙasarsu. Idan ɗaya daga cikinsu ya ji ɗaci a ransa, ba zan ga laifinsa ba. Sannan akwai maganar wakilci kanta. Meksiko na da duwatsu masu dusar ƙanƙara a kansu, irin su Pico de Orizaba mai tsayin fiye da mita 5,600, amma ba ta da manyan filayen zamiya irin na Turai, kuma ɗan manomin masara a Oaxaca ko mai tuƙa tasi a babban birnin ƙasar ba shi da wata alaƙa da wannan wasa. To wa yariman yake wakilta idan ya ɗaga tuta? Mai suka zai ce kansa yake wakilta, da gidan Hohenlohe, da rukunin mutanen da ke hutun sanyi a tsaunukan Alps.

Akwai kuma tarihin wasan da ke ƙara wa wannan zargi nauyi. Mutanen arewacin Turai sun daɗe suna ɗaura alluna a ƙafa domin tafiya a kan dusar ƙanƙara, farauta da kai saƙo da yaƙi, amma mayar da gangarowa daga dutse ta zama gasa aikin masu hali ne, musamman Turawan Ingila da ke zuwa Suwizalan hutu. Ɗaya daga cikinsu, Arnold Lunn, shi ya shirya tseren zilliya tsakanin turaku irin na zamani a Mürren a 1922, kuma sai a 1936 wasan ya shiga Olamfik. Tun daga nan 'ya'yan sarakuna ba su daina leƙowa ba. Yarima Karim Aga Khan ya wakilci Iran a zamiyar gangaren dutse a Innsbruck a 1964, Yarima Albert na Monaco kuma ya halarci gasar hunturu sau biyar daga 1988 zuwa 2002 a tseren keken ƙanƙara. Wasa ne mai cin kuɗi, daga alluna da takalma da kuɗin hawa dutse zuwa albashin mai horarwa da kuɗin otal na wata da watanni, kuma duk wanda bai tashi a gindin dutsen ba sai ya sayi hanyar zuwa can.

Sai dai akwai abin da ke burge ni game da wannan wasa, wanda kuma shi ne tushen kariyar da nake yi wa Hubertus. Agogo ne alƙali. Babu wani kwamiti da ke zama ya ba da maki bisa kyan salo ko sunan iyali. Ɗan wasa zai fito daga ƙofar farawa, na'ura ta fara ƙirga, ya ƙetare layin ƙarshe ta tsaya, kuma sau da yawa kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ke raba na ɗaya da na biyu. A tseren gangara gudun kan wuce kilomita 120 a sa'a a kan ƙanƙara mai tauri kamar siminti, kuma mutane sun karye, wasu sun mutu. Shi ya sa manyan zakarun wasan galibi 'ya'yan talakawan tsauni ne. Franz Klammer, wanda ya ci zinare a Innsbruck a 1976, ɗan manomi ne daga wani ƙauye a kudancin Ostiriya. Hermann Maier, wanda ya ci zinare biyu a Nagano a 1998 kwanaki kaɗan bayan wata mummunar faɗuwa da duniya ta gani, birkila ne kafin ya shahara. Yariman da ya tsaya a ƙofar farawa ɗaya da irin waɗannan mutane ya san cewa za a rubuta lokacinsa a allo kowa ya gani, ya san zai zo can ƙasa, ya kuma san dutsen zai iya karya shi kamar yadda zai karya ɗan birkila. Mutumin da duk rayuwarsa ake buɗe masa ƙofa saboda sunansa, ya zaɓi ya riƙa kai kansa wurin da sunan ba ya amfana masa komai, shekara da shekaru, ina ganin akwai mutunci a cikin wannan zaɓi.

Tsawon lokacin da ya ɗauka shi ne hujja ta biyu. Ɗan yawon buɗe ido zuwa ɗaya yake yi, ya ɗauki hoto ya tafi. Hubertus ya yi shekara 30 tsakanin zuwansa na farko da na ƙarshe a Olamfik, ya kuma ci gaba da shiga gasar zakarun duniya ta zamiya har bayan ya haura shekara 60. A 2006 ya cika sharuɗɗan zuwa Turin amma hukumar Olamfik ta Meksiko ta ƙi tura tawagar mutum ɗaya, bai yi fushi ya nemi wata tuta ba, ya jira har 2010 ya je Vancouver yana da shekara 51. Yana da wasu sana'o'in, yana ɗaukar hoto yana kuma waƙa, ba ya neman abinci a wasan zamiya, don haka babu abin da ya tilasta masa tashi da asuba cikin sanyi yana atisaye a shekarun da sa'o'insa ke jinyar gwiwa. Kuma mafi muhimmanci, bai ƙwace gurbin kowa ba. Gurbin da ya shiga na Meksiko ne, da bai zo ba da gurbin ya tafi a banza, kuma matashin Ostiriya da ya zo na biyar ba zai samu shiga ba ko da Hubertus ya zauna a gida, domin dokar mutum huɗu ce ta tare shi.

Yana da kyau a tuna cewa a wannan gasa ta Sarajevo ta 1984 akwai wani matashi mai labari kusan iri ɗaya da nasa, Lamine Guèye na Senegal, baƙar fata ɗan Afirka na farko da ya shiga gasar Olamfik ta hunturu. Shi ma ɗan babban gida ne, jikan Lamine Guèye da ya shugabanci majalisar dokokin Senegal, an kai shi karatu Suwizalan yana yaro, a can ya ga dusar ƙanƙara, ya kafa hukumar zamiya ta ƙasarsa a 1979, ya kuma sake halartar gasar a 1992 da 1994. Mu a Afirka muna alfahari da shi, kuma ya cancanta. To idan mun yarda cewa jikan shugaban majalisa da ya koyi wasan a Turai ya wakilci Senegal da gaskiya, da wace hujja za mu hana jikan 'yar gidan Yturbe da aka haifa a birnin Meksiko? Ma'auni ɗaya ya kamata a yi amfani da shi ga su biyun.

Inda nake rabuwa da masu yabon Hubertus shi ne darasin da suke cirowa daga labarinsa. Sukan ce ga shi nan, kowa na iya zuwa Olamfik idan yana da niyya. Wannan magana ba ta da tushe. Bayan gasar Calgary ta 1988, inda Eddie Edwards na Birtaniya ya zo na ƙarshe a tsallen ƙanƙara amma ya fi zakarun samun farin jini, hukumomin wasanni sun tsaurara sharuɗɗan shiga. A zamiyar gangaren dutse tsarin ya zama na maki: sai ɗan wasa ya shiga tsere da dama da hukumar zamiya ta duniya ta amince da su, makinsa ya sauko ƙasa da wani mizani (a wannan tsari ƙarancin maki shi ne alamar ƙwarewa), wanda a 2010 da 2014 ya kasance 140 ga tseren zilliya, kafin ƙasarsa ta iya tura shi. A takarda wannan adalci ne. A aikace kuwa yana nufin tafiye-tafiye daga wannan dutse zuwa wancan a nahiyoyi daban-daban, tikitin jirgi da masauki da kuɗin rajista, tsawon hunturu biyu ko uku. An yi dokar ne domin a rage masu zuwa ba da shiri ba, amma wanda ta fi tarewa shi ne mai hazaƙa marar kuɗi, mai kuɗi kuwa yana da halin bin ƙananan gasa ɗaya bayan ɗaya har ya tara abin da ake bukata. Lamine Guèye ya daɗe yana ƙorafi a kan haka, yana cewa ana rufe wa ƙananan ƙasashe ƙofa, kuma ina ganin yana da gaskiya.

Misalai biyu sun isa su nuna bambancin. A gasar Sochi da Hubertus ya sa rigar mariyaci, fitacciyar mai kaɗa goge Vanessa-Mae ta wakilci Tailan, ƙasar mahaifinta, ta zo ta ƙarshe cikin waɗanda suka kammala tserensu. Daga baya hukumar zamiya ta duniya ta dakatar da ita shekara huɗu bisa zargin an yi maguɗi a gasar da aka shirya a Slobeniya domin ta samu maki, kotun wasanni kuma ta ɗage dakatarwar a 2015 saboda babu shaidar cewa da hannunta a ciki. Ko ma yaya aka yi, abin da ya fito fili shi ne ana iya shirya gasa musamman domin mutum ɗaya idan akwai mai biya. A ɗaya gefen kuma akwai Kwame Nkrumah-Acheampong na Ghana, wanda aka haifa a Glasgow ya tashi a Accra, ya koyi zamiya yana babba a wani ɗakin dusar ƙanƙara na roba a Milton Keynes inda yake aikin karɓar baƙi. Ya yi shekaru yana neman tallafi, ya rasa gurbin 2006, sannan ya samu na 2010, ya kuma kammala tserensa a Vancouver. Shi da yariman sun tsaya a kan dutse ɗaya a shekara ɗaya, amma hanyar da kowannensu ya bi kafin ya iso ba ta da alaƙa da ta ɗan uwansa, kuma a madadin kowane Kwame ɗaya da ya iso akwai da yawa da kuɗin mota ya ƙare musu a hanya.

Wannan tambaya ta wa ya cancanci ɗaukar tuta ta shafe mu kai tsaye. Najeriya ta fara halartar gasar hunturu ne a 2018 a Pyeongchang, ta hannun Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga a keken ƙanƙara, da Simidele Adeagbo, dukkansu waɗanda aka haifa a Amurka ta Arewa. A 2022 Samuel Ikpefan, wanda ya tashi a Faransa, ya wakilce mu a Beijing. A ƙwallon ƙafa kuwa, Ademola Lookman da aka haifa a Landan shi ne gwarzon ɗan wasan Afirka na 2024 da rigar Najeriya. Ba na jin akwai mai hankalin da zai ce a kore su. Abin da ya dace a tambaya shi ne me tutar ta samu daga gare su, kuma me hukumomin wasanni suka gina a gida da farin jinin da suka jawo. Mu da muka san yadda wasan folo ya shigo arewacin Najeriya ta hannun gidan sarautar Katsina, daga Sarki Muhammadu Dikko zuwa ɗansa Usman Nagogo wanda ya yi suna a wasan, mun san cewa wasan da ya shigo ta ƙofar fada yana iya kafuwa ya daɗe, mun kuma san yana iya shekara ɗari bai fita daga hannun masu dawaki da masu kuɗin ciyar da su ba.

Da wannan ma'auni na me aka bari a baya, sakamakon Hubertus rabi da rabi ne. Hukumar da ya kafa ta rayu, kuma ta cikinta wasu suka biyo baya: a 2018 Meksiko ta tura 'yan wasa huɗu, ciki har da Sarah Schleper, tsohuwar 'yar wasan Amurka da ta auri ɗan Meksiko, da Rodolfo Dickson, kuma yariman ne ya zana musu rigunan da suka sa masu hoton bikin tunawa da matattu na gargajiyar ƙasar. Wannan aiki ne, kuma ya fi abin da yawancin 'ya'yan gata ke yi da gatansu. Amma idan aka duba da kyau, mafi yawan waɗanda suka bi sawunsa a zamiyar gangaren dutse su ma a waje suka tashi ko a waje suka koyi wasan. Fiye da shekara 40 bayan kafa hukumar, yaron da aka haifa a unguwar talakawa a Puebla, wanda ke hango dusar ƙanƙara a kan dutse daga ƙofar gidansu, har yanzu ba shi da hanyar da zai bi ya ɗaura alluna a ƙafarsa. Ba na ɗora wa mutum ɗaya alhakin wannan duka, amma wanda ya gaji sunan Hohenlohe da dangantakar gidan Agnelli, wanda attajiran Marbella ke amsa kiransa, yana da damar tara tallafin da ba kowa ke da ita ba, kuma ina ganin ya kamata a ce ɗaukar nauyin yaran cikin gida ya fi rigar mariyaci shahara a tarihinsa.

Don haka gyaran da nake so a gani yana wajen masu tsara dokoki ne. A bar gurbin mutum ɗaya namiji da mace ɗaya ga kowace ƙasa, domin shi ne abin da ya sa gasar ta zama ta duniya maimakon ta ƙasashe goma masu tsaunuka da kuɗi. A sa ido sosai a kan ƙananan gasar da ake tara maki a cikinsu, yadda ba za a iya sayen su ba. Asusun tallafi na kwamitin Olamfik na duniya, wanda dama yana ba 'yan wasan ƙananan ƙasashe guraben horo, a karkata shi ga waɗanda ke zaune a ƙasashensu kuma ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Sannan duk hukumar wasa ta ƙasa da ta tura ɗan wasan da ya tashi a waje, a nemi ta nuna shirin da take yi wa yaran gida kafin gasa ta gaba. Wannan ba zai hana wani yarima zuwa ba, kuma ba na son a hana shi, amma zai sa zuwansa ya zama da amfani ga wasu bayan shi.

Meksiko kanta ta riga ta nuna cewa irin waɗannan yara suna nan. Donovan Carrillo, wanda aka haifa a jihar Jalisco a 1999, ya yi shekaru yana atisayen rawar kan ƙanƙara a wani ƙaramin fili da ke cikin rukunin shaguna a birnin León, yana kauce wa yara da masoyan da suka zo shaƙatawa, domin babu filin da ya kai girman na gasa a kusa da shi. A 2022 ya je Beijing, ɗan Meksiko na farko a wannan fanni cikin shekara 30, ya kai zagayen ƙarshe, abin da babu ɗan ƙasarsa da ya taɓa yi, kuma shi da Sarah Schleper ne suka shiga filin buɗe gasa riƙe da tutar da Hubertus ya riƙe a Vancouver da Sochi.